Wa ya cancanci kyautar "ɗalibi mafi hazaƙa"? Ku raba mana gardama

MalamarJS3
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Wata gardama ce ta kaure mana jiya a ofishin malamai har aka tashi ba a daddale ba, shi ne na ce bari in kawo ta gabanku. Muna shirin bikin ba da kyaututtuka na ƙarshen shekara, sai shugaban makaranta ya ce kowane aji ya fitar da ɗalibi mafi hazaƙa guda ɗaya. A ajina akwai yarinyar da ta yi ta ɗaya a duka zango ukun, babu mai ja da ita. Akwai kuma wani yaro da ya zo na 41 cikin 58. In ka ba shi rubutun Turanci sai ka yi haƙuri da abin da za ka gani. Amma shi ne ya tsaya ya saurari fankar ajinmu da take gurnani ba ta juyawa tun bara, ya ce kafasito ne ya mutu, ya je sito ya ciro na wata tsohuwar fanka ya ɗaura, ta tashi. Ranar wasanni kuma shi ya gyara lasifika. Na ce shi ma a ba shi wani abu. Malamin lissafi ya ce wannan ba hazaƙa ba ce, ƙiriniya ce da ta yi rana. Mu malamai, da me muke auna ƙwaƙwalwar yaro? Maki kaɗai?

Abu_Safwan
Wa alaikumus salam Malama. Ta ɗayar ce ke da kyauta, wannan ba abin ja ba ne. Ta shekara tana karatu. In aka fara raba kyauta bisa tausayi, gobe ba wanda zai buɗe littafi.

MalamarJS3
Malam, ban ce a hana ta ba. Kalmar "mafi hazaƙa" ce ta tsaya min a wuya. Da "mafi maki" aka ce da ban yi magana ba.

TsohonHedimasta
'Yata, abin da kike nema ai yana cikin katin sakamakon da kike cikewa da hannunki. Juya bayansa. Akwai gidaje na ɗabi'a: zuwa da wuri, tsafta, gaskiya, jagoranci, zama da mutane. Akwai kuma na aikin hannu: rubutu, wasanni, riƙe kayan aiki, zane. Daga 1 zuwa 5 ake ba da maki. Tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) a farkon shekarun 1980 aka ce a riƙa auna yaro ta fuska uku, kai da zuciya da hannu. To amma ku faɗa min tsakani da Allah, yaushe ake cike gidajen nan? Daren da za a raba kati. Malami ya zauna da biro, idonsa ya yi ja, ya duba matsayin yaro: in na ɗaya ne ya jera masa 5, 5, 5 har ƙasa, in na 41 ne ya jera masa 3 da 2. Yaron da ya gyara fanka zai iya samun 2 a "riƙe kayan aiki", wadda ba ta taɓa riƙe sukurudireba ba ta samu 5. Na sa hannu a kan dubban irin waɗannan katunan kafin in yi ritaya. Uba kuma da ya karɓi kati abu ɗaya yake tambaya: na nawa ka zo?

UmmuHaidar
Wallahi Baba gaskiya ka faɗa. Ni uwa ce, ban taɓa juya bayan katin nan ba sai yau da na karanta maganarka.

Dr_Nazari
Wannan gardama ta daɗe a duniyar ilimi, ba a ofishinku aka fara ta ba. A shekarar 1983 wani masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Harvard ta Amurka, Howard Gardner, ya fito da ra'ayin cewa basira ba abu ɗaya ba ce. Ya lissafa guda bakwai: ta harshe, ta lissafi da tsara hujja, ta kiɗa da sauti, ta hango siffa da wuri a zuci, ta sarrafa jiki da hannu, ta fahimtar mutane, sai ta sanin kai. Daga baya ya ƙara ta takwas, wato sanin tsirrai da dabbobi da yanayi. Ƙorafinsa shi ne makaranta ta ɗauki biyun farko ta ɗora a kan kujera, sauran ta bar su a tsaye. Yaron Malama, bisa wannan, yana da ta huɗu da ta biyar. Ta takwas ɗin kuwa, duk wanda ya taɓa tafiya da yaro makiyayi ya san ta. Zai kalli garke mai shanu hamsin ya ce maka wance ba ta da lafiya tun kafin ta kwanta, ya san ciyawar da ke kumbura ciki.

Lissafi_Dole
Dakta, da izininka. An koya mana wannan a kwalejin ilimi, mun haddace mun ci jarrabawa, amma ka faɗa wa jama'a ɗaya gefen. Masu auna basira da yawa ba su yarda da Gardner ba. Tun 1904 Charles Spearman a Ingila ya lura cewa yaron da ya yi kyau a wani darasi galibi yakan yi kyau a sauran, kuma binciken da aka yi ta yi bayansa ya ci gaba da nuna haka. Wato akwai wani abu guda a ƙarƙashi da ke ɗaga su tare. Mu da ke aji mun ga haka: mai cin lissafi yawanci shi ke cin Turanci, shi ke cin Islamiyya. Gardner bai kawo wani gwaji da za a auna basirorinsa takwas ɗin da shi ba. Ra'ayin ya yi wa malamai daɗi ne saboda yana ba mu abin faɗa wa uwar da ɗanta ya zo na ƙarshe.

Dr_Nazari
Sukar nan gaskiya ce, ban musa ba. Har ma in ƙara maka: abin da ake yawan faɗa a bita, wai wannan yaro da ido yake koyo, wancan da kunne, wancan da taɓawa, don haka a koyar da kowa ta hanyarsa, masu bincike sun duba a 2008 ba su samu hujja mai ƙarfi a kansa ba, kuma shi kansa Gardner ya ce ba abin da yake nufi ke nan ba. Amma Malam, "yawanci" ka ce. Waɗanda suka faɗo a wajen yawancin fa? A aji mai mutum sittin ba za a rasa su ba.

GardinTsangaya
Ku bar ni in sa baki ko da ban yi boko mai nisa ba. A wajenmu ma'auni daban ne. Yaro ya fara daga kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi. Wanda ya haddace Alƙur'ani kuma ya rubuta shi da ka, ba tare da duba littafi ba, shi ake kira alaramma, a samansa akwai gwani. Gwani zai faɗa maka kalma kaza sau nawa ta zo, a ina ta zo da wasali sama, a ina ta zo da wasali ƙasa. Ni dai na ga yaran da aka ce daƙiƙai ne a firamare, suka zo tsangaya suna wanke allo sau biyu a rana. Na kuma ga ɗan boko mai cin na ɗaya da izu ɗaya ya gagare shi. To wanne ne mai ƙwaƙwalwa?

Abu_Safwan
Hadda daban, fahimta daban, Malam. Rikoda ma tana riƙe abu.

GardinTsangaya
Allah Ya shirye ka ɗan'uwa. Je ka zauna a wurin musabaƙa ka ga yadda ake jefo wa yaro aya daga tsakiyar sura, mai kama da wata a wata surar, ya gane wacce ce ya ɗora. In rikoda ce sai ka gwada. Kuma ku 'yan boko me kuke yi daren jarrabawa in ba hadda ba? Bambancin kawai taku takan zube da an fito daga ɗakin jarrabawa.

Admin_Zaure
A yi muhawara da mutunci don Allah. Ba tsangaya da boko muka zo haɗa faɗa ba.

Mushe_Maradi
Gaisuwa daga Nijar. A nan ma haka abin yake, sai dai namu a kan 20 ake ba da maki, wanda bai kai 10 ba bai samu mwayan ba, wato makin tsallakewa. Kuma kowane darasi da nauyinsa, lissafi da Faransanci su ne masu nauyi, in ka faɗi a cikinsu sauran ba za su cece ka ba. Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Yaro ya fito daga gida yana jin Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, a zaunar da shi a yi masa tambaya da Faransanci, ya yi shiru, a rubuta masa "ba ya ganewa". Na taɓa maimaita wa wata yarinya tambayar lissafi da Hausa, na ce kin sayi tiya uku ta gero kowace a kan kaza, kin ba da jika biyar, nawa za a maido miki? Kafin in rufe baki ta ba ni amsa. A takarda kuwa sifili ta ci a irin wannan tambayar. To me muka auna, lissafinta ko Faransancinta?

Dr_Nazari
Mushe, abin da ka gani an yi bincike a kansa a birnin Recife na ƙasar Barazil, aka wallafa a 1985. Masu binciken sun je wajen yara masu talla a titi, suka yi ciniki da su kamar masu saye: kwakwa goma nawa, canjina nawa. Yaran suka ci kusan kashi 98 cikin ɗari. Daga baya aka ba su lissafin nan dai, lambobi iri ɗaya, a takarda irin na makaranta, suka sauko ƙasa da kashi 40. A nan gida kuma, marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ife daga 1970, aka koyar da yara duk firamare da Yarbanci, Turanci ya zama darasi ɗaya kawai, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba, a fannoni da dama ma sun fi su.

'YarKwari
Ni ba malama ba ce, yayana ne ya sa ni a zauren nan. A shagon mahaifinmu a Kantin Kwari akwai yaron da ya bar makaranta daga aji shida. Dila nawa ta shigo, wa ya karɓi yadi nawa bashi, wa ya biya rabi, duk suna kansa. Kuma yana kallon mutum ya shigo zai raɗa maka cewa wannan tayi kawai zai yi ya wuce. Mai digirin da aka ɗauko ya riƙe littafi sai ya danna kalkuleta kafin ya ba ka amsar da yaron ya riga ya faɗa.

Lissafi_Dole
Hajiya, irin wannan labarin kowa yana da guda ɗaya, kuma a nan nake jin tsoro. Muna tuna yaro ɗaya da ya bar makaranta ya yi fice, mu manta ɗari da suka bari suna zaune a bakin titi. Yaron nan na shagonku ina da yaƙinin da ya samu malami nagari da shi zai riƙa cin na ɗaya a lissafi. Wato ba wata basira daban gare shi ba, basirar nan ce dai makaranta ta yi asararta. Haka yaron Malama. Wanda zai saurari fanka ya ce kafasito ne, ya yi tunani ne mataki-mataki: wuta na shiga, moto na ƙara, ba ya iya tashi, to me ke ba shi turawar farko? Ai wannan shi ne kimiyya. Ina zargin karatu ne bai iya ba, ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Malama, kin taɓa zaunar da shi ya karanta miki sakin layi ɗaya a bayyane?

MalamarJS3
Na taɓa. Yana karantawa amma da ƙyar, harafi-harafi, kuma yana juya b da d. In aka yi bayani da baki yana riƙewa sarai, har ya kan gyara wa abokansa. Da an zo rubutawa ne komai ke watsewa.

Anti_Special
To Malama wannan ya canza magana. Ni a ɓangaren yara masu buƙata ta musamman nake. Ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma yaro ɗan JS3 mai karatu harafi-harafi, alhali yana gane bayanin baki, ya kamata a duba ko yana da matsalar nan ta karatu da ake kira disleksiya. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. A fara da duba idonsa ma, wani lokacin gilashi ne kawai. Kafin nan, ki gwada yi masa gwaji ɗaya da baki, ki karanta masa tambayoyin ya amsa, ki kwatanta da makinsa na takarda. Abin takaici shi ne irin waɗannan yaran bulala suke sha daga aji ɗaya har su gudu.

TsohonHedimasta
Abin dariya, wanda ya fara ƙirƙiro gwajin basira don irin wannan yaron ya yi shi. Alfred Binet da abokin aikinsa Simon, a Faransa a 1905. Hukuma ce ta so a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta. Da gwajin ya ƙetara Amurka sai ya koma abin jera mutane daga sama zuwa ƙasa.

Injiniya_Panteka
Ku ƙyale ni da Turawan nan, mu zo gida. Wa ke zuwa ajin kimiyya a SS1? Wanda ya ci maki. Wa ke zuwa ajin adabi da kasuwanci? Ragowar. Wa ake turawa makarantar koyon sana'a? Wanda aka fitar da rai da shi. Yaro ya sani, uwarsa ta sani, malami ya sani. Ni kwalejin fasaha na yi, na rubuta NABTEB, wato jarrabawar kammala kwalejin fasaha, na je kwalejin kimiyya da fasaha na yi babbar difloma. A wurin aiki an ɗora min mai digiri a kaina, ni nake nuna masa inda ake kunna injin. Yanzu garejina ina da yara goma sha biyu. Don haka ko kun ba yaron nan kofi a ranar biki, ƙasar ta riga ta faɗa masa matsayinsa: kiredit biyar har da Turanci, sannan JAMB, in ba haka ba ka koma gefe. A Jamus matasa da yawa suna raba mako tsakanin kamfani da makarantar sana'a, su fito da takardar da ake girmamawa, ba wanda ke kallonsu a matsayin waɗanda suka kasa.

Abu_Safwan
Injiniya, amma kar mu rushe abin da ya yi mana amfani. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977, da jarrabawa ake shiga, maki ne ma'auni, kuma dubi likitoci da injiniyoyin da suka fitar wa Kano da Jigawa. Ɗan talaka daga ƙauye ya samu shiga saboda maki ba ya tambayar ɗan wane ne kai. Ranar da aka ce malami ne zai zaɓi "mai basirar zama da mutane", ka san 'ya'yan wa za a zaɓa.

Injiniya_Panteka
Wannan kam ka kama ni a wani wuri. Amma an yi wa masu hannu irin wannan gatan? An kawo injuna na darasin fasaha a zamanin 6-3-3-4, da yawa a cikin akwatunansu suka ruɓe, babu wuta babu malami. Mu zanen zarto aka yi mana a allo.

UmmuHaidar
Ni abin da ke ci min rai shi ne 'ya'ya mata. Babbar 'yata ba ta taɓa wuce ta ashirin ba. Amma in na yi tafiya ita ke riƙe gida, ta san wanda zai yi rigima kafin ya fara, ta raba faɗan ƙannenta ba tare da ta ɗaga murya ba. A makaranta ba wanda ya san da wannan. A unguwa kuwa kowa cewa yake yarinyar nan akwai hankali.

Dr_Nazari
Hajiya, wani masani mai suna Robert Serpell ya yi aiki a ƙauyukan Chewa na gabashin Zambiya. Ya tambayi dattawa wane yaro za su zaɓa in wani aiki ya taso, ya ga suna haɗa kaifin kai da riƙon amana wuri ɗaya, wato yaron da za a aika ya je ya dawo da abin da aka ce. Zaɓinsu bai dace sosai da sakamakon gwajin da ya yi wa yaran ba. A yammacin Kenya kuma, Robert Sternberg da abokan aikinsa sun auna sanin magungunan gargajiya a wurin yaran Luo, suka ga waɗanda suka fi sani sukan fi ƙarancin maki a gwajin makaranta. Bayanin da suka bayar shi ne lokacin yaro ɗaya ne, inda iyaye suka zuba shi nan yake tsiro.

Lissafi_Dole
Wannan na Kenya ai ni ya goya wa baya, Dakta. Lokaci ne da kulawa, ba ƙwaƙwalwa kala takwas ba.

Dr_Nazari
Ko kuma ya nuna cewa gwajin makaranta rabin yaro yake gani. Kowa ya ɗauki inda ya yi masa.

Mushe_Maradi
Ku biyun nan ba za ku gama ba. Malama, me shugabanku ya ce?

MalamarJS3
Na same shi ɗazu. Ya ce kyautar hazaƙa ta yarinyar ce, ba za a taɓa ba. Ya yarda a ƙara wata ta "ƙirƙira da aikin hannu", amma ya ce babu kuɗinta a kasafi, sai dai malaman da suka damu su haɗa. Malamin lissafin namu ne ya fara miƙo nasa, yana cewa har yanzu bai sauya ra'ayi ba.

TsohonHedimasta
Kar ku saya masa kofi ko faranti. Ku saya masa mita ta gwada wuta da saitin sukurudireba.

Abu_Safwan
Ni dai ina nan a kan bakana. In kowace baiwa sai an yi mata kyauta, bana aikin hannu, baɗi mai barkwancin aji ma zai zo karɓar tasa.

'YarKwari
To ai mai barkwancin ma yanzu yana cin abinci a TikTok, Malam.

Anti_Special
Malama, kyauta kwana ɗaya ce. Gwajin bakin nan da duba idon su ne nake so ki ba muhimmanci, ga jarrabawar kammala JS3 na tafe. Kuma ki kira mahaifiyarsa ki tambaye ta ko akwai wani a gidan da karatu ya ba shi irin wannan wahalar, abin yakan bi dangi.

Injiniya_Panteka
In ya gama JS3 kuma iyayensa sun yarda, a duba masa kwalejin fasaha ta jiha maimakon a cusa shi ajin adabi don kawai makinsa bai kai na kimiyya ba. Akwai wanda ya san ko an fara sayar da fom na bana? Ina da yaro biyu a gareji da nake so su koma.

Lissafi_Dole
Can ma sai ya ci lissafi da Turanci kafin a ɗauke shi, Injiniya. Ku fara koya masa karatu tukuna.